Baƙon da ya shiga faɗan gari

A wajenmu in aka ce "ɗan mishan", kafin a ƙarasa maganar wani ya riga ya ɗaure fuska. Ni ma a haka na tashi. Manya sun gaya mana cewa Bature bai taɓa zuwa shi kaɗai ba, mai wa'azi ne a gaba, mai bindiga na biye da shi. Kuma suna da hujjarsu. A shekarar 1900 Sarkin Kano Alu ya sallami Bishop Tugwell da tawagarsa, ya ce su bar masa gari. Ba a cika shekara uku ba sojojin Lugard suka fasa ganuwar Kano. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba za ka ga laifinsa ba in ya haɗa mutanen biyu a kwando ɗaya.

Amma akwai wata tambaya da wannan kwandon ba ya iya ɗauka, kuma ta daɗe tana cina. Idan baƙo ya je wata ƙasa da niyyar yaɗa addininsa, ya tarar mutanen ƙasar sun tashi tsaye suna neman a daina mulkinsu da ƙarfin tsiya, me ya kamata ya yi? Ya naɗe hannu ya ce shi wa'azi ya kawo shi? Ko ya shiga? In kuma ya shiga, har ina? Na ga mutane da yawa suna yanke hukunci a kan wannan da kalma ɗaya, wasu su ce katsalandan, wasu su ce jarumta. Ni a ganina sai an duba abu biyu tukuna: wa ke gaba, wa ke baya a tafiyar, sannan in ta ɓaci, wuyan wa igiya za ta kama.

Labarin da ya fara girgiza ni ya faru ne a ƙasar Musulmi, a birnin Tabriz da ke arewa maso yammacin Iran.

A shekarar 1906 mutanen Iran suka tilasta wa Sarki Muzaffaruddin Shah ya amince da kafa majalisa da rubuta tsarin mulki. Malaman addini irin su Sayyid Abdullahi Behbahani da Sayyid Muhammad Tabataba'i ne suka ja gaba, 'yan kasuwa suka rufe shaguna, dubban mutane suka yi zaman dirshan. Sarkin ya sa hannu a kan tsarin mulkin a ƙarshen watan Disamba, bayan 'yan kwanaki ya rasu. Ɗansa Muhammad Ali Shah ya hau, shi kuwa bai taɓa son wannan majalisa ba. A watan Yunin 1908 ya tura rundunar da wani hafsan Rasha mai suna Liakhov ke jagoranta, suka yi wa ginin majalisar luguden igwa a Tehran. Garuruwa suka yi laƙwas, ban da Tabriz. Can wasu mutum biyu da ba 'ya'yan sarauta ba, Sattar Khan da Baƙir Khan, suka tara mutanen unguwanni suka ce ba za su miƙa wuya ba. Sojojin sarki suka yi wa birnin ƙawanya wata da watanni, aka toshe hanyoyin abinci, har ta kai mutane na cin ciyawa.

A cikin birnin akwai makarantar 'yan mishan na cocin Presbyterian ta Amurka, kuma a cikin malamanta akwai wani saurayi, Howard Baskerville, haifaffen jihar Nebraska, wanda ya gama jami'ar Princeton a 1907 ya zo koyarwa. Abokinsa na kusa, Hasan Sharifzadeh, wanda shi ma malami ne a makarantar kuma yana cikin masu fafutukar tsarin mulki, an harbe shi a titi a 1908. Dokar mishan a bayyane take: ba ruwansu da siyasar ƙasa. Ƙaramin jakadan Amurka a Tabriz, William Doty, ya gargaɗe shi cewa a matsayinsa na Ba'amurke ba shi da ikon shiga rikicin cikin gida na wata ƙasa. Baskerville ya ajiye aikinsa, ya je ya bi sahun Sattar Khan, ya shiga horar da matasa, da yawansu ɗalibansa ne. A watan Afrilun 1909 suka fita da nufin fasa ƙawanyar su nemo wa gari abinci. Harsashi ya same shi a ƙirji, ya mutu nan take. Shekararsa 24.

Mutanen Tabriz sun fito da yawa wajen jana'izarsa. Matan birnin sun saƙa darduma mai ɗauke da hotonsa domin a kai wa mahaifiyarsa. Har yau kabarinsa na nan a maƙabartar Kiristoci ta birnin, kuma akwai mutum-mutuminsa a gidan tarihin tsarin mulki na Tabriz, a ƙasar da kowa ya san irin tsamin da ke tsakaninta da Amurka tun 1979. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya ya yi tunani. Iraniyawa ba su manta cewa a 1953 hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya ne suka kitsa kifar da Firaminista Musaddiƙ ba. Duk da haka ba su tone wannan saurayi daga zukatansu ba. Sun iya bambance shi da ƙasarsa, saboda shi ma ya bambance kansa da ita tun yana raye. Bai zo da jirgin yaƙi ba, jakadansa ma hana shi ya yi. Bai ce shi ne zai koya wa Tabriz ma'anar 'yanci ba, ya tarar da tafiya ce ta riga ta yi nisa, da shugabanninta, da malamanta, da gawarwakinta, ya shiga daga baya.

Ina girmama shi, kuma ba na jin kunyar faɗin haka a matsayina na Musulmi. Sai dai akwai abin da ke tsaya mini a wuya. Yaran nan da ya koya wa riƙe bindiga, iyayensu sun kawo su makaranta ne domin su koyi karatu. Amana ce aka ba shi. Malami yana da wani irin iko a kan zuciyar ɗalibi wanda ko uba wani lokaci ba shi da shi, kuma saurayi ɗan shekara sha bakwai in malamin da yake ƙauna ya ce "tashi mu je", ba ya tsayawa lissafi. Da ɗana ne, ba zan yarda ba, ko da kuwa na yarda cewa gaskiya tana gefen Sattar Khan. Za a ce mini ai yaran 'yan gari ne, yunwar tana cinsu, ko babu shi za su fita. Wataƙila. Amma fitarsu da ƙafarsu daban, fitarsu a bayan malaminsu daban. Mutumin ya biya da ransa, shi ya sa bakina ke yin nauyi, amma nauyin baki bai sa na canza ra'ayi ba. Kuma fitar tasu ba ta fasa ƙawanyar ba. Sojojin Rasha ne suka shigo birnin bayan 'yan kwanaki da sunan ceton baƙi da kawo abinci, suka yi zamansu. A ƙarshen 1911 suka rataye babban malamin Tabriz, Siƙatul Islam, a ranar Ashura. Sunan wannan malami, mutum nawa suka san shi a wajen Iran?

Yanzu a juya zuwa wani tsibiri a tsakiyar tekun Fasifik, a ga ɗaya fuskar.

'Yan mishan na Amurka sun isa Hawai a 1820. Sun rubuta harshen mutanen da haruffan boko, sun buɗe makarantu, cikin ƙanƙanen lokaci karatu ya bazu. Sarakunan tsibirin suka karɓe su hannu bibbiyu, suka karɓi addininsu, suka sa su a majalisar fada. 'Ya'yansu da jikokinsu kuwa suka zama masu gonakin rake da lauyoyi. A 1887 wani gungu da jikan 'yan mishan, Lorrin Thurston, ke cikin jagororinsa ya tilasta wa Sarki Kalakaua sa hannu a kan sabon tsarin mulki, da 'yan bindiga a bayansu. An tallata shi da sunan rage ƙarfin sarki da ƙarfafa majalisa, irin kalaman da kunne ke son ji. Amma a cikinsa aka sa sharaɗin dukiya ga masu zaɓen majalisar dattawa, wanda ya fitar da yawancin 'yan ƙasa, aka hana 'yan asalin Asiya ƙuri'a, aka ba Turawa mazauna tsibirin ko da ba su karɓi zama 'yan ƙasa ba. Da Sarauniya Liliuokalani ta yi yunƙurin warware wannan a watan Janairun 1893, jakadan Amurka John Stevens ya sa aka sauko da sojoji 162 daga jirgin yaƙin Amurka mai suna Boston. Washegari aka tuɓe ta. Sanford Dole, ɗan 'yan mishan, ya zama shugaban gwamnatin da daga baya aka kira jamhuriya. A 1897 'yan asalin Hawai sama da 21,000 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa da a haɗe ƙasarsu da Amurka. A 1898 aka haɗe ta. Sai a 1993 majalisar Amurka ta nemi afuwa a rubuce.

To ga shi, an kawar da sarauta an kafa jamhuriya. A takarda wannan ma juyin juya hali ne na dimokuraɗiyya. Abin da ya sa nake ƙyamarsa shi ne duk abin da na samu a Tabriz na nema a nan na rasa. Baƙi ne a gaba, 'yan ƙasa ba su ma cikin tafiyar. Jirgin yaƙin ƙasarsu na tsaye a bakin gaɓa. Ribar kuwa a aljihunsu ta faɗa. Na san za a ce waɗannan 'ya'yan mishan ne, ba mishan ɗin da kansu ba, kuma gaskiya ne, bai dace a kama uba da laifin jika ba. Amma ƙofar fada da filayen noma da amincewar sarakuna duk ta hanyar wa'azi aka samo su, aka bar wa 'ya'ya gado. Duk wanda a ƙasarmu yake ɗar-ɗar da baƙon da ya zo da murmushi da makaranta, in ya kawo Hawai a matsayin hujja, ba ni da abin da zan ce masa.

Inda na sami abin da zuciyata ta fi kwanciya da shi shi ne Koriya ta Kudu, zamanin Janar Park Chung-hee. A 1972 Park ya ƙaƙaba tsarin mulkin da ake kira Yushin, wanda ya ba shi damar zama a kan kujera ba iyaka. Ɗalibai suka yi ta zanga-zanga. A 1974 hukumar leƙen asirin ƙasar ta sanar da cewa ta gano wata jam'iyyar ɓoye ta 'yan gurguzu da ke ingiza ɗaliban, aka kama mutane, aka gana musu azaba har suka amsa laifi, kotun soja ta yanke wa takwas hukuncin kisa. A Koriyar wancan lokaci, in aka shafa wa mutum baƙin fentin gurguzu, hatta maƙwabta gudun iyalinsa suke yi. Matan waɗannan mutane suka rasa wanda zai saurare su. Suka je wajen wani ɗan mishan na cocin Methodist, George Ogle, wanda ya yi shekaru yana aiki da ma'aikatan masana'antu a birnin Incheon.

Abin da Ogle ya yi ƙarami ne a ido. A wani taron addu'a a birnin Seoul, cikin watan Oktoban 1974, ya miƙe ya ambaci mutanen nan takwas, ya ce a yi musu addu'a, ya nemi a yi musu shari'a a fili. Bai kafa ƙungiya ba, bai tara matasa ba, bai ɗauki ko sanda ba. An kama shi an yi masa tambayoyi, a watan Disamba aka sa shi a jirgi aka kore shi daga ƙasar. Wani limamin Katolika Ba'amurke, James Sinnott, ya ci gaba da kai maganar wajen 'yan jaridar waje. Ranar 8 ga Afrilun 1975 kotun ƙoli ta tabbatar da hukuncin, da asubahin ranar 9 aka rataye su duka takwas, ba a cika kwana ɗaya ba. Kafin watan ya ƙare shi ma Sinnott aka kore shi.

Wani zai ce to me suka tsinana, tunda an kashe mutanen? Sun tsinana abin da su kaɗai ne ke da halin yi a lokacin. Ɗan Koriya in ya faɗi abin da Ogle ya faɗa, kurkuku zai kwana, wataƙila ya bi sahun takwas ɗin. Shi Ogle fasfo ɗinsa ya zame masa sulke, mafi munin abin da za a yi masa shi ne kora. Ya san da haka, ya kashe wannan gata a inda ya dace. Saboda irinsu gwamnati ta kasa binne maganar a cikin gida. Haka aka sake yi a Gwangju a watan Mayun 1980, lokacin da sojojin Janar Chun Doo-hwan, wanda ya ƙwace iko bayan Park, suka buɗe wa mutanen birnin wuta. Wasu 'yan mishan sun ƙi ficewa. Charles Huntley, limamin asibitin mishan na birnin, ya ɗauki hotunan gawarwaki da masu rauni, aka fitar da su waje a ɓoye a daidai lokacin da gwamnati ke cewa 'yan tarzoma ne kawai. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a wannan mako miya ta ƙare a Gwangju.

Amma a lura da wanda ya kawo sauyin. A watan Yunin 1987 'yan Koriya ne suka cika tituna, ɗalibai da ma'aikatan ofis da direbobi da limaman coci da na addinin Buddha, har gwamnatin soja ta yarda a yi zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Babu baƙon da ya ja su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma zai ci gaba da kwana a ɗakin bayan an gama gyara, ko gyaran ya yi kyau ko bai yi ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa na ce baƙo ba shi da hurumin jan ragama. Ba don ba shi da hankali ko tausayi ba ne. Yana da ƙofar fita ne, su kuwa ba su da ita, kuma wanda ke da ƙofar fita bai kamata ya yanke wa wanda ba shi da ita yawan haɗarin da zai ɗauka ba.

Ga waɗanda ke cewa ya yi shiru gaba ɗaya, ya tsaya ga wa'azinsa, su ma ban bi su ba. Shugabannin mishan da yawa sun fi son haka, domin izinin zama da makarantu da asibitoci duk a hannun gwamnati suke, kuma ban raina wannan lissafi ba, rufe asibiti ba ƙaramin abu ba ne ga marar lafiya. Amma mutumin da yake hawa mumbari kowane mako yana cewa Allah na ƙin zalunci, sannan matar da aka azabtar da mijinta ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ya ce shi ba ruwansa da siyasa, wannan ya riga ya shiga siyasa, ya shiga a gefen mai azabtarwa. Mu a addininmu an ce mana wanda ya ga abin ƙi ya gusar da shi da hannu, in bai iya ba da harshe, in bai iya ba da zuciya. Ni abin da nake cewa game da baƙo shi ne, hannun na 'yan gari ne, amma harshen ba a ɗauke masa ba.

Mu ma nan mun ɗan taɓa irin wannan. Dakta Walter Miller, wanda yana cikin tawagar da aka sallama daga Kano, ya daɗe a Zariya, ya ji Hausa kamar a bakinsa aka halicce ta, kuma bai ɓoye sukar da yake yi wa yadda Turawan mulki suka bar talaka a hannun hukumomin en'e ba. Wasu abubuwan da ya faɗa, daga baya su Malam Aminu Kano sun faɗi irinsu da babbar murya. Daga makarantar mishan ɗinsa Dakta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko a Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafuwarta. Duk da haka maganar Miller ba ta ratsa jama'a ba, domin kowa ya san abin da ya kawo shi, kuma fatarsa ɗaya da ta Razdan. Maganar sai da ta fito daga bakin 'ya'yan malamai, da ayoyi da hadisai, kafin talaka ya ji cewa tasa ce. Wannan ma'aunin ban ware shi ga Kirista kaɗai ba. Mai da'awa da ya zo mana daga wata ƙasar Musulmi da kuɗinsa da littattafansa, in ya fara tsara mana wanda za mu zaɓa da wanda za mu yaƙa, tambayoyin nan biyu suna kansa: wa ke gaba, kuma ranar da ta ɓaci wane jirgi zai hau.

Akwai abu guda da har yanzu ke damuna a duk waɗannan labarai, har da masu kyan. Baƙon ne ake tunawa. Ana rubuta littafi a kan saurayin Nebraska, ana karrama wanda aka kora, kuma sun cancanta. Ogle ya koma gida ya koyar a jami'a, ya rayu har zuwa 2020. Iyalan mutanen nan takwas kuwa sun ci gaba da zama a Koriya da tabon "iyalan 'yan gurguzu", 'ya'yansu na shan tsangwama, shekara talatin da biyu, har zuwa watan Janairun 2007 da wata kotu a Seoul ta sake sauraron shari'ar ta ce mutanen ba su da laifi. Ga sunayensu: Do Ye-jong, Seo Do-won, Ha Jae-wan, Lee Su-byeong, Kim Yong-won, Woo Hong-seon, Song Sang-jin, da Yeo Jeong-nam, wanda shi ne ƙaraminsu.